Cike teku, kafa turaku ko gida mai iyo: wanne zai iya riƙe gari a gaɓar Akra?

Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Nima ko Mamobi ya san yadda ƙasa ta yi wa mutanen Akra kaɗan. Mai gida na neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, alhali doka wata shida ta ce. Fili kuwa sai ka nausa Kasoa ko Amasaman ko Dodowa, can ɗin ma ka saya yau, gobe wani ya ɓullo da tasa takardar da 'yan gadin filinsa. Ga teku kuma shimfiɗe tun daga Jamestown har Teshie da Nungua, fetal kamar ba ta da mai ita. Shi ya sa zancen ba ya ƙarewa a wajen masu shayi: Dubai ta gina unguwanni cikin ruwa, Legas ta bi sahu, mu me ya hana mu? Hotunan gidaje masu iyo kuma sai yawo suke a waya, har mai ɗan jari ya fara tunanin ko nan ne wurin zuba kuɗi kafin kowa ya farga.

Hanyoyi uku ne mutane suka bi suka zauna a kan ruwa. Ko a kwaso yashi da duwatsu a cike ruwan har ya zama ƙasa, ko a kafa turaku a ƙasan ruwa a ɗora gida a kai, ko a ƙera abin da zai yi iyo a ɗaure shi wuri guda. Duka an gwada su, kuma duka suna da inda suka yi riko da inda suka cinye kuɗin mutane.

Kafin a auna su sai an san halin tekun da muke magana a kai. Gaɓar Akra a buɗe take, ba ta da wani lungu da ke kare ta. Igiyar ruwan da ke dukanta daga can kudancin Atilantika take tasowa, ta yi tafiyar dubban kilomita ba abin da ya tare ta, ta zo ta fashe a kan yashinmu, kuma ta fi zafi daga wajen Yuni zuwa Satumba. Saboda ita ne kafin a buɗe tashar jiragen ruwa ta Tema a 1962 manyan jirage ba sa iya matsowa bakin Akra. Can nesa suke tsayawa, matuƙa kwalekwale su je su yi ta jido kaya da mutane, wani buhun ya iso tudu, wani ya tafi ƙasan ruwa. Sai gishiri. Tambayi mutumin Chorkor ko Osu ko La shekara nawa kwanon rufinsa ke yi, ko fanka, ko firiji, ko ƙofar ƙarfe. Iskar teku na shiga cikin siminti ta kama rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga ginin daga ciki. Wannan a tudu ke nan, inda feshin ruwa kawai ke kaiwa.

Cike teku ita ce hanyar da ta fi burge ido, kuma ita kaɗai ce ke ba ka ƙasa ta gaske. A kanta za a shimfiɗa titi, a ja famfo da wuta, a yanka fili a ba ka takarda, banki ya karɓe ta jingina. Yara su buga ƙwallo, a ɗaure ragon layya a ƙofar gida. Tsibirin Palm Jumeirah na Dubai da aka fara a 2001 haka aka yi shi. Amma ruwan da aka gina shi a ciki ba shi da zurfi kuma bai san irin haukar namu ba, duk da haka sai da aka kewaye shi da katangar duwatsu ta kusan kilomita 11, daga baya kuma aka fasa mata ƙofofi don ruwan ciki ya daina gudana ya fara lalacewa. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Eko Atlantic na Legas, don teku ɗaya muke sha da su. Can an tsara katanga mai tsawon kilomita 8 da rabi, an jera mata curin kankare masu nauyin tan 5 kowanne. Da dala ake cinikin filayen wurin, kuma ba don mai sayar da koko da ƙosai aka yi su ba. Mu ma a nan an cike teku: sabon sashen tashar Tema da aka buɗe a 2019 a kan ƙasar da aka ƙwato daga ruwa yake, da katangar karya igiya ta kusan kilomita 3 da rabi, kuma aikin ya haura dala biliyan 1. Kwantena ce ke biyan wannan kuɗi, kowace rana, da kuɗin waje. Hayar ɗaki ba za ta biya shi ba.

Ko an samu kuɗin, akwai abu biyu da ba a nunawa a hoto. Na farko, ƙasar da aka cike tana nutsewa a hankali. Filin jirgin sama na Kansai a Japan, wanda aka buɗe a 1994 a kan tsibirin da mutane suka yi, ya nutse fiye da mita 10 tun da aka fara aikinsa, kuma a Satumbar 2018 guguwa ta turo ruwa ya shafe hanyar tashin jirage. Japanawa ke nan, da duk iliminsu na gini. Mu kuma muna da ƙarin abin tsoro, domin Akra na kan layin girgizar ƙasa. Ta ranar 22 ga Yuni 1939 ta rushe gidaje ta kashe mutane, har yanzu kuma mutanen Weija da McCarthy Hill kan ji ƙasa ta motsa lokaci-lokaci. Jiƙaƙƙen yashi idan aka girgiza shi sakin jiki yake yi ya koma kamar kunu, ginin da ke kansa ya karkace ko ya lume.

Na biyu shi ne haƙƙin maƙwabci. Yashin gaɓarmu tafiya yake daga yamma zuwa gabas. Duk wanda ya gina abin da ya tare shi ya tara wa kansa, na gabas da shi kuma teku ta ci gidansa. Keta ce shaida. Tun bayan da madatsar Akosombo ta 1965 ta rage yashin da kogin Volta ke kawowa, teku ta ƙara ƙaimi wajen cin garin, har ta haɗiye wani sashe na tsohuwar ganuwar Prinzenstein da mutanen Denmak suka gina a 1784. An yi babban aikin kare gaɓa da aka kammala a 2004, Keta ta ɗan samu sa'ida, sai ɓarnar ta matsa gaba. A Nuwambar 2021 ruwa ya afka wa Agavedzi da Salakope da Amutinu, dubban mutane suka rasa wurin kwana. Wanda zai cike teku a gaban Osu, to ya fara tambayar kansa me zai faɗa wa mutanen La da Teshie.

Kafa turaku kuwa ba sai mun je ƙasar kowa ba. Nzulezo na nan a Yankin Yamma, a gundumar Jomoro, kusa da Beyin. Gari ne ɗungurungum a kan tafkin Tadane, gidajen tukurwa a kan itatuwan da aka kafa cikin laka, da doguwar hanyar katako a tsakiya wadda ita ce titinsu, ita ce dandalinsu. Da kwalekwale ake shiga. Su da kansu suna cewa kakanninsu daga Walata suka taso, can cikin Sahara, dodon koɗi na yi musu jagora. Garin ya daɗe sosai, kuma tun 2000 yake cikin jerin wuraren da Ghana ta miƙa wa hukumar UNESCO don a duba ko za a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. A Jamhuriyar Benin akwai Ganvié a kan tafkin Nokoué, wanda ya fi shi girma nesa ba kusa ba, mutane sama da 20,000, zuriyar Tofinu da suka shige ruwa don gudun maharan bayi na Dahomey. Makoko ta Legas ma haka take.

Waɗannan na cikin garuruwan kan ruwa a yankinmu da aka haifi mutum a ciki, ya yi aure, ya ga jikokinsa. Talaka ne ya gina su da hannunsa, da kayan da ke kusa da shi, kuma idan turke ya ruɓe shi da 'yan'uwansa ke canza shi, ba a jiran injiniya daga waje. Ta fuskar araha da gyara babu hanyar da ta kama ƙafar wannan. Amma a lura da inda suke. Babu ko ɗaya a cikin teku. Duka a tafki suke, ruwa kwance, marar zurfi, inda gora ke taɓa ƙasa. Kuma babu wanda ya rabu da tudu. Mutanen Nzulezo a tudu suke noma, can suke kai mara lafiya, can yaransu ke ci gaba da karatu idan sun gama firamare, kuma an sha kukan cewa malaman makaranta ba sa son zama a garin. A Ganvié sai da aka yi ta jidar ƙasa a kwalekwale ana tara ta don a samu busasshen wuri. Makoko kuma ta nuna wani rauni dabam: a Yulin 2012 gwamnatin Legas ta ba da wa'adin sa'a 72 ta shiga rusau, don mai gida a kan ruwa ba shi da takardar da zai ɗaga.

An taɓa kafa turaku a tsakiyar teku, da ƙarfe. Neft Dashlari na ƙasar Azarbaijan, a tekun Kasfiyan, an fara shi a 1949 don haƙar mai, aka yi masa gidaje masu hawa da gadoji masu tsawon kilomita da yawa. Kuɗin mai ne ya gina shi, ma'aikata ne ke zuwa su yi kwanakinsu su koma gida, kuma babban sashe na gadojin tsatsa da igiya sun riga sun karya shi. Idan rijiyar mai ba ta iya riƙe gyaran ba, adashin unguwa ba zai iya ba.

To a Akra ina ruwan kwancen yake? Tafkin Korle, wanda kogin Odaw ke juye wa dattin rabin gari, ba wurin da mutum zai sa ɗansa ba ne. Bakin kogin Densu da tafkin Sakumo kuma wurare ne da aka keɓe a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 1992, an kuma sha rushe gine-gine a na Sakumo. Su ne ma'ajiyar ruwan ambaliya. Mutanen Tetegu da Glefe sun san abin da ke biyo baya idan aka buɗe madatsar Weija, kuma wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa da wuta suka haɗu a Circle aka rasa rayuka sama da 150, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da toshe hanyar ruwa ke jawowa.

Saura gida mai iyo, wanda shi ne ya fi yawa a hotunan waya. Amfaninsa a fili yake: ruwa ya ƙaru ya tashi da shi, ruwa ya ragu ya sauka, ambaliya ba ta dame shi ba, kuma bai tare yashin kowa ba. A Holan ya yi kyau ƙwarai. Unguwar Schoonschip a Amsterdam iyalai 46 ne a kan ruwa, da wutar rana da komai. Sai dai a cikin mashigin ruwa na gari take, a jingine da gaɓa, da gadar da za ka taka ka fito ka hau keke, kuma akwai hukumar da ke lura da tsayin ruwan dare da rana. Wannan gidan birni ne da aka ɗora a kan ruwa mai ladabi. Ko a ruwa kwance ma, rashin gyara kisa ne. Makarantar nan mai iyo ta Makoko da Kunlé Adeyemi ya zana, wadda aka ɗora a kan gangunan roba fiye da 250 aka kammala a 2013, duniya ta yaba mata, ta rushe a Yunin 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi. Allah ya sa an riga an kwashe yaran.

Abin da ke iyo a tekunmu na gaske kuma yake ɗauke da mutane dare da rana shi ne irin jirgin tara mai da aka sa wa suna Kwame Nkrumah, wanda ke filin mai na Jubilee, kimanin kilomita 60 daga gaɓa, wanda ya fara fitar da mai a Disambar 2010. Ga yadda ake rayuwa a kansa: jirgi mai saukar ungulu ke kai ma'aikata daga Takoradi, jiragen ruwa ke kai abinci da kayan gyara, mutum ya yi makonninsa ya dawo wurin iyali. Ba mace mai goyo, ba tsoho, ba ɗan makaranta. Masu kankare tsatsa da masu fenti ba sa hutawa. Duk da haka a 2016 aka gano matsala a ƙarfen da jirgin ke juyawa a kansa, gyaran ya ɗauki shekaru, a ƙarshe aka ɗaure shi ya daina juyawa. Kamfanin mai ya iya ɗaukar wannan asara. A ce unguwa ce ta iyalai ɗari, wa zai biya?

Akwai kuma masu cewa a tafi can tsakiyar teku inda babu gwamnati, babu haraji. Wannan kallon kitse ake yi wa rogo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa cikakken iko a kan mil 12 na ruwa daga gaɓarta, wajen kilomita 22, sannan har zuwa mil 200 ita kaɗai ke da ikon ba da izinin gina tsibiri ko dandamali. Ghana kuwa ba ta wasa da ruwanta, don har kotun duniya ta dokar teku ta je da Kwaddibuwa a kan iyakar teku, aka yanke hukunci a Satumbar 2017. Waɗanda suka gwada a wasu wurare sun ga abin da ya faru. Wani injiniya ya gina dandamali a gaban Rimini ta Italiya ya ayyana ƙasa a 1968, gwamnati ta tarwatsa shi da nakiya a 1969. A 2019 wasu mutum biyu sun kafa ɗan gida mai iyo a wajen Phuket, sojojin ruwan Tailan suka janye shi zuwa gaɓa, masu shi suka tsere. A 2020 wasu suka sayi tsohon jirgin yawon shaƙatawa don su mai da shi unguwa a gaɓar Panama, maganar inshora ta kashe shirin kafin kowa ya tare.

Ni a ganina ma ba a wajen gini ake gane wadda ta fi ba. A wajen buƙatun yau da kullum ne. Ɗauki ruwan sha. Malamai sun ce ruwan teku mai tsarki ne, alwala ta yi, amma ba a dafa wake da shinkafa da shi, ba a ba jariri. Tace gishiri daga ruwa kuma wuta yake ci ba kaɗan ba. Matatar Teshie da aka buɗe a 2015 don ta riƙa ba da lita miliyan 60 a rana, an rufe ta a farkon 2018 saboda tsadar ruwan da na wutar, kafin daga baya a sake kunna ta. Ƙasar da aka cike za a iya ja mata bututu daga gari. Garin turaku na kusa da gaɓa zai iya jido a galan, kamar yadda matan Ganvié ke yi a kwalekwale. Mai iyo a nesa kuwa injinsa ne ransa, ranar da ya tsaya sai abin da ke cikin tanki.

Ɗauki ban-ɗaki. Akra ta yi shekaru tana juye bahaya cikin teku a Lavender Hill, mun kuma san yadda kwalara ta yi mana a 2014. A garin turaku abin da ya fita daga masai cikin ruwan da yara ke wanka yake faɗawa, kuma wannan shi ne babban aibin hanyar, wanda masu kai baƙi yawon buɗe ido ba sa son a tambaya. Sai haihuwa da mutuwa. Naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare a watan Yuli, igiya na tashi, wa zai tuƙa? Mu kuma ba ma ajiye gawa. Wanda ya rasu da asuba ana so a kai shi makwancinsa kafin la'asar, kuma kabari sai ƙasa. Ko alƙibla ma, a kan abin da iska ke juyawa sai an sake duba ta kowace salla. Garin da ba shi da maƙabarta tasa, masauƙi ne.

To wanne za a zaɓa? Ya danganta da wanda ke tambaya. Alhajin da ke neman inda zai ajiye iyali ya bar wa 'ya'ya gado, babu ko ɗaya cikin ukun da ya dace da shi a Akra. Cike teku aikin gwamnati ne da manyan kamfanoni, kuma ko sun yi ba da mu za a raba ba. Gara ya nemi tudu, ya je Hukumar Filaye ya bincika takarda kafin ya ba da ko sidi ɗaya, ya kuma je ya ga filin da idonsa a tsakiyar damina. Idan fili na kusa da gaɓa ya yi araha fiye da kima, akwai abin da mai sayarwa ya sani game da ruwan.

Saurayin da teku ke burge shi, ga Jami'ar Harkokin Teku ta Yanki nan a Nungua. Ya koyi tuƙin jirgi ko injin jirgi, ya je ya yi makonninsa a kan ruwa a biya shi, ya dawo ya gina gidansa a ƙasa.

Mai neman kasuwanci ne kaɗai zan ce ya tsaya ya duba, shi ma ba a cikin teku ba. A ruwan kwance na bakin Volta wajen Ada, ko a kan tafkin sama da Akosombo, ɗakunan baƙi a kan turaku ko a kan abin iyo na iya biyan kansu, don baƙo kwana biyu zai yi ya tafi, ba ya neman makaranta ko maƙabarta. Tsakanin biyun, inda tsayin ruwa ke hawa da sauka sosai, kamar tafkin, mai iyo ya fi. Inda ruwa ba zurfi kuma ƙasan na da ƙarfi, turaku sun fi araha kuma kafintan gari zai iya gyara su. Kowanne ya ɗauka, ya ware kuɗin gyara na kowace shekara tun kafin ya sayi katako na farko, ya nemi izinin hukumar kare muhalli da na majalisar gunduma da yardar masu ƙasa a rubuce, ya kuma tanadi tankin da za a riƙa kwashe bahaya a kai tudu. Sannan ya samu tsofaffin matuƙa kwalekwale na wurin, ya gaishe su da kyau, ya ce: “Baba, da aka saki ruwan Akosombo a 2023, har ina ya kai a nan?” Inda suka nuna masa, ya ɗaga daɓen ɗakinsa sama da wurin.